Manyan Baƙaƙen Oga

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon katifa a Tudun Wada. In ka hau matakalar, ba kwamfuta za ka fara gani ba, kabad za ka gani, na ƙarfe, mai aljihu huɗu, wanda Oga ya taho da shi ranar da ya bar aikin gwamnati. Ban san yadda aka yi ya zama nasa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Mu uku ne a ɗakin: Oga, da Malama, da ni. Sana'armu rubuta manhaja ga ƙananan makarantu da shagunan magani, irin masu son a ce su ma sun shiga zamani amma ba sa son zamanin ya yi tsada. A allon da muka kafa a bakin titi an rubuta cewa muna da reshe a Kano. Reshen nan ƙanin matar Oga ne, yana sayar da cajar waya.

Oga ya kusa shekara talatin a ma'aikata. Tun yana saurayi aka tura shi kwas ɗin kwamfuta, zamanin da na'urar ba ta san ƙananan baƙaƙe ba, komai da manya take rubuta shi. Ya dawo da takardar shaida, wadda har yau tana rataye a cikin gilashi, da kuma ilimi guda ɗaya tak da ya riƙe gam: kwamfuta ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami. Sauran abin da aka koya musu ya zube a hanyar dawowa. Amma fa kar in zalunce shi. Ya san mutane, ya san wanda ake gaisarwa a tsaye da wanda ake rusuna wa, kuma duk aikin da muka taɓa samu, in ka cire ɗaya, ta bakinsa ya zo. Ni da digirina ko mai shayin ƙasan bene ban taɓa shawo kansa ya ba ni kujera ba.

Abin da bai bari a ma'aikata ba shi ne jan biro. A can, babba ba ya mayar da takarda yadda aka kawo masa ita. In na ƙasa ya tsara wasiƙa ya kai, dole a ga ja a jikinta, ko da waƙafi ne aka matsar daga nan zuwa can. Takardar da ta dawo fes, ko dai babban bai karanta ba, ko kuma na ƙasan ya kamo shi, duka biyun kuwa abin kunya ne. Saboda haka duk ranar Alhamis bayan azahar Oga zai ce in ba shi kujerata zai duba aiki. Zai zauna, ya gyara tabarau, ya ƙura wa allo ido yana gyaɗa kai kamar mai sauraron karatun da ya haddace. Ba ya gane ko layi ɗaya. Mun sani, ya kuma san mun sani. Amma dole ya bar alama, kuma alamar da ya tabbata ba za ta ɓata komai ba ita ce ta kwas ɗinsa. Sai ya zaɓi kalmomin da suka yi masa kama da masu muhimmanci, ya goge su, ya sake buga su da manyan baƙaƙe, da yatsa ɗaya. Wannan shi yake kira ɗaga darajar aiki.

Ga wanda bai san sana'ar ba, abin haka yake: a rubutun manhaja kowane ɗan guntun aiki sai ka raɗa masa suna, domin duk inda kake bukatarsa ka kira shi ya zo. A yaren kwamfutar da muke aiki da shi, ko da manyan baƙaƙe ka kira sunan ko da ƙanana, zai amsa. Don haka shekara da shekaru jan biron Oga bai cuci kowa ba. Ya yi nasa, mu yi murmushi, a wuce wurin.

In ya gama sai a kira Sufeto. Sufeto ba mutum ba ne, manhaja ce da wasu mutane a ƙasashen waje suka rubuta suka saki kyauta, amma tun ranar da muka raɗa mata wannan suna ta zama namiji a bakinmu. Aikinsa ya bi rubutunmu layi-layi kafin a kai wa mai shi, ya duba ko mun kira sunan da babu shi, ko mun bar wani abu ba a rufe ba. In ya ga kuskure ya nuna ja, in bai gani ba ya nuna kore. Oga yana ƙaunar Sufeto fiye da mu biyun a haɗe, domin shi kaɗai ne ma'aikacinsa da ba ya neman izinin zuwa biki. Da kore ya fito za a buga shi a takarda, Oga ya sa hannu, ya danna hatimi, a jefa a kabad. Daga nan aiki ya rufu. Gwada manhaja bayan hatimi ya hau kanta rashin kunya ne. Na taɓa yi sau ɗaya ina sabon zuwa, sai ya tsaya a bayana ya tambaye ni a hankali ko aikinsa nake dubawa ko na Sufeto. Ban sake ba.

Malama ta girme ni da sama da shekara ashirin. 'Yar gidan tsofaffin Kiristocin Zariya ce, irin waɗanda kakanninsu suka yi boko tun kakanninmu suna gudun sa, kuma ta daɗe tana koyar da lissafi a firamare kafin mijinta ya rasu. Da girmanta ta koyi kwamfuta. Ba ta da sauri, kuma kafin ta buga komai sai ta fara rubuta shi da fensir a littafin ɗalibai, abin da nake yi wa dariya a ɓoye. Amma abin da ta rubuta ba ya faɗuwa. Ta taɓa gaya mini cewa a aji, in ta juya baya komai ya watse, a nan kuwa tana yin abu ta tafi gida ya ci gaba da aiki ba tare da ta tsaya a kansa da bulala ba. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa son wata kujera kamar wannan ba. Ita ce ke kirana Injiniya, kuma na daɗe kafin in gane ba duka yabo ne a cikin sunan ba.

Aikin nan ɗaya da ban lissafa wa Oga ba, nata ne. Wata Hajiya da suka yi koyarwa tare ta buɗe makarantar kuɗi a Dutsen Abba, tana son manhajar da za ta haɗa makin yara ta fitar da katin sakamako. Ba don allonmu na bakin titi ta zo ba. Don Malama ta zo, ta kuma faɗa a gaban Oga, abin da bai yi masa daɗi ba.

A wannan lokacin ne kaina ya kumbura. Na je wani taron matasa masu harkar kwamfuta, na ji jawabai a kan martabar harsunanmu, na dawo ina huci. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na tambaye su me ya sa za mu riƙa raɗa wa aikinmu sunayen Turanci, alhali da Hausa muke tunani, da Hausa muke faɗa, da Hausa muke cin tuwo. Na ce daga yau sunaye da Hausa, kuma Hausa ta gaskiya, da baƙaƙenta masu ƙugiya, ba irin ta malalata da ke rubuta ƙasa kamar kasa ba. Na sa wa kwamfutocinmu maɓallan da ake bukata. Guntun da ke haɗa maki ya zama ƙirgaMaki, wanda ke kawo bayanin yaro ya zama ɗaukoƊalibi. Malama ta saurare ni har na gama, ta ce to, Injiniya, ta koma ga fensirinta. Oga kuwa ya ji daɗi ƙwarai, domin karon farko a rayuwarsa yana iya karanta abin da ke allon. Da yake yanzu yana gane kalmomin, sai kowace ta zama mai muhimmanci a idonsa, darajar aiki ta yi ta ɗaguwa.

Oga yakan tashi ƙarfe huɗu ya nufi gidansa a Hanwa, ni ma ina jin ƙarar motarsa nake rufe kwamfuta. Na lura tun da muka koma Hausa Malama takan tsaya ranar Alhamis, amma na ɗauka lokacin koyon waƙa na cocinsu take jira. Ban san abin da take yi ba sai makon da babbar 'yarta ta haihu a Jos, ta nemi hutun kwana biyar. Makon ne kuma za a miƙa aikin Hajiya, don ranar Asabar za a raba sakamako.

Ranar Laraba da za ta tafi ta tsayar da ni a kan matakala, ta rage murya.

"Injiniya, gobe in Oga ya gama nasa ya tafi, ka bi bayansa. Duk inda ya ɗaga suna ka mayar da shi ƙarami yadda yake, sannan ka gwada."

Na ce mata ai babu bambanci, kuma ga Sufeto.

"Na san ga Sufeto. Tun da muka fara sunayen Hausa, in Oga ya taɓa, wani lokaci abin ba ya tashi, Sufeto kuma yana nan da korensa. Ban san dalili ba. Ni dai ina mayarwa, ya tashi. Wata biyar ke nan."

Na yi mata alkawari, har da cewa ta kwantar da hankalinta ta gaida mai jego. Ina sauka ina dariya a raina. Ga ni da digiri, ga Sufeto da Turawa suka ƙera, wai tsohuwar malamar firamare ce za ta koya mini camfi. Abin da ba ta san dalilinsa ba, a ganina, ba ilimi ba ne.

Ranar Alhamis Oga ya zauna ya ɗaga darajar aiki fiye da kullum, tunda na Malama ne kuma ba ta nan. Kore ya fito, hatimi ya hau, kabad ya haɗiye. Ƙarfe huɗu ya tafi. Zan so in ce mantawa na yi, da labarin ya fi daɗin faɗa. Ban manta ba. Na zauna na kalli allon, na tuna da matakala, na tuna da muryarta, na rufe kwamfuta na tafi kallon ƙwallo. Ranar Juma'a na kai manhajar makarantar, na zuba ta a kwamfutar magatakardansu, na karɓi lemon da aka ba ni, na fito ban danna komai ba, tunda aiki ne mai hatimi.

Ranar Asabar da hantsi Oga ya kira ni a waya, ya ce in hau acaɓa in tafi Dutsen Abba yanzu-yanzu. Na tarar an kafa rumfa, iyaye sun cika kujeru tun safe, yara sun sha guga. Magatakarda ya danna maɓallin fitar da sakamako tun ƙarfe takwas, abin ya ba shi farin allo da layi ɗaya na Turanci. Ya kashe ya kunna, ya hura wa kwamfutar iska, ya kira wani maƙwabci mai gyaran waya, duk kafin a yarda a gaya wa Hajiya. Lokacin da na isa rana ta take, rabin iyayen sun watse suna tsaki, malamai sun baje a aji suna haɗa maki da hannu. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in gaya wa Malama ta gode, kuma yadda ta faɗi godiyar ya fi zagi ciwo.

Ko minti goma ban yi ba na gano abin. Layin Turancin cewa yake bai san wani mai suna ƘIRGAMAKI ba. Na mayar da shi ƙirgaMaki, na bi sauran wuraren da Oga ya taɓa na mayar, na danna, katunan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya a gaban kujerun da babu kowa. Da yamma Oga ya tambaye ni mene ne ya faru, na ce wata 'yar matsala ce a fayil ɗin sakamako. Ya tambaye ni fayil ɗin wa ne. A saman kowane fayil muna rubuta sunan wanda ya tsara shi, don haka na faɗi sunan da ke wurin, na Malama. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, na daɗe ina lallashin kaina da wannan.

Ranar Litinin Malama ta dawo da ledar cincin da dambun nama na suna, ta ajiye wa kowa nasa a tebur. Ba ta san komai ba, domin Hajiya ba ta ɗaga wayarta ba, ni kuwa ban kira ta ba. Oga ya bari ta zauna, sannan ya buɗe kabad ya zaro takardar kore ya shimfiɗa a gabanta. Ya yi bayani irin na ma'aikata, a tsanake, da sakin layi. Sufeto ya duba bai ga laifi ba. Shi ya duba ya sa hannu. Ke nan ɓarnar ba ta hanyar da aka sani ta shigo ba. Kuma labari ya iso masa daga mai katifa cewa akwai wadda ke tsayawa ita kaɗai duk Alhamis bayan an tashi, tana taɓa ayyukan da aka riga aka rufe da hatimi. Ya ce yana son ya ji da izinin wa.

Na ɗauka za ta yi shiru, irin shirun da dukanmu muka iya. Sai ta gyara zama ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Ranka shi daɗe, ni ce nake tsayawa. Baƙaƙen da kake ɗagawa nake mayarwa. In an bar su manya, sunayen Hausan nan ba sa amsawa. Wannan makon ba na nan, shi ya sa."

Ba ta ce ta bar mini sallahu ba. Ko kallona ba ta yi ba lokacin da take faɗa. Fuskar Oga ta canja, don ba fayil aka taɓa ba, gilashin takardar shaidarsa da ke bango aka taɓa. Ya juyo gare ni a hankali.

"Injiniya, kai ne mai digiri. Kwamfuta tana bambanta babban baƙi da ƙarami?"

Na san amsar, da hannuna na gyara ta ranar Asabar. Amma a bayan amsar akwai sunayen Hausa da ni na kawo, akwai matakala, akwai ƙwallo, akwai lemon Juma'a. Akwai kuma dattijo a gabana da abu ɗaya tak ya sani a sana'ar da yake shugabanta, ana so in ƙwace masa shi a gaban mace, ma'aikaciyarsa. Wannan na ƙarshen shi na riƙe, don ya fi kama da tarbiyya.

"A ƙa'ida ba ta bambantawa, ranka shi daɗe."

A ƙa'ida. Kalmomi biyu, kuma har yau in na ji wani ya faɗe su a rediyo sai in ji kamar in tofar da yawu. Sai a lokacin Malama ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da take yi wa yaron da ta san ya iya lissafin amma ya kwafi na maƙwabcinsa. Oga ya ce ta je gida ta huta har a neme ta. Duk wanda ya san yaren ma'aikata ya san ba za a neme ta ba. Ya rubuta hakan a takarda, ya danna hatimi. Ta kwashe littafinta da fensirinta da ƙaramin matashin da take jingina bayanta, ta yi mana sai an jima. Ledar cincin ta kwana uku a teburina, daga baya na cinye.

Da na rasa inda zan kai fushina, sai na kai shi bincike. Kwana biyu na yi na gano dalilin da Malama ba ta sani ba. Yaren kwamfutarmu, in zai gwada suna da suna, baƙaƙen Turanci kaɗai yake mayarwa ƙanana, namu masu ƙugiya ba ya ganin babba da ƙaraminsu a matsayin 'yan gida ɗaya. Sufeto kuwa duka yake mayarwa, namu da nasu. Wato Sufeto ya fi yaren da yake wa aiki mutunta Hausa, kuma wannan mutuncin ne ya sa yake ba da shaidar zur. Yana cewa sunan yana nan, alhali in an kira shi ba zai zo ba.

Nan fa na samu wanda zan iya yi wa tsawa. Na zauna na rubuta wa masu Sufeto wasiƙa shafi uku da Turancin da na fi ji da shi. Na kawo misalai, na jera baƙaƙenmu manya da ƙanana, na nuna musu inda suka kauce. Ban tsaya nan ba, na shiga tarihin raina harsunan Afirka, na tambaye su har yaushe za a ci gaba da ƙera kaya kamar duniya baƙaƙe ashirin da shida ce. Jarumtar da na nuna a wasiƙar nan, ni kaina ta ba ni sha'awa. Bayan kwana huɗu wani ya amsa da layi biyar. Ya ce gaskiyata ce, kuskurensu ne, sun gyara yadda Sufeto zai riƙa gwada sunaye daidai da yaren, sabon zai nuna ja a irin wannan wuri. Bai ce uffan a kan tarihin Afirka ba. Ya tambaya ko ina so a sa sunana cikin waɗanda aka gode wa, na ce a sa, na kuma aika masa da yadda ake rubuta shi daidai.

Na buga amsar a takarda, na sa a ambulan, ranar Lahadi da la'asar na nufi gidan Malama a Tudun Jukun. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake, ta dawo daga coci ba ta ko cire ɗankwalin fita ba. Ta karɓe ni kamar ba abin da ya faru, ta kawo ruwa, ta tambayi mahaifiyata. Na ji a bakin ƙanwarta cewa ta je wurin Hajiya har sau biyu ana cewa ba ta nan, kuma ta fara tambayar makarantun unguwa ko suna son mai koyar da lissafi. Na miƙa mata takardar ina jin kaina kamar wanda ya kawo belin ɗaurarre. Ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta nemi in nuna mata tawa wasiƙar a waya, ita ma ta karanta shafi ukun duka. Ta ce Turancin ya yi kyau, akwai wuri ɗaya da na maimaita kalma.

"To yanzu na san dalili, na gode," in ji ta. "Mutanen nan a wace ƙasa suke?"

Na ce ban tabbata ba, amma da nisa.

"Da nisa. Daga teburinka zuwa na Oga fa, taku nawa ne?"

Ta ci gaba da tsince wakenta, ta bar ni da tambayar har na shanye ruwan. Da na tashi tafiya ta rako ni bakin ƙofa, ta ce ba ta nemi in yi abin da ya fi ƙarfina ba, ta ga iyakar ƙarfin nawa. Abu ɗaya take so. In sa sabon Sufeto a kwamfutar ofis. Ranar Alhamis in Oga ya ɗaga baƙaƙensa, ja zai fito a gabansa, daga bakin ma'aikacin da ya fi yarda da shi, ni ko tari ba sai na yi ba. Ta ce in ya ga haka zai neme ta, domin duk taurin kansa ba azzalumi ba ne, takarda ce addininsa na biyu. Ko bai neme ta ba, a ƙalla Hajiya za ta ji gaskiya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na yi mata alkawari, karo na biyu ke nan.

Ranar Litinin na auna, taku shida ne. Ranar Laraba na sauko da sabon Sufeto, na gwada shi a kan aikin Hajiya yadda Oga ya bar shi, ja ya cika allo, kowane layi yana nuna inda yatsan nan ɗaya ya sauka. Saura in danna maɓalli guda ya maye gurbin tsohon. Sai na fara tunani, ni kuwa in na fara tunani an gama. In ja ya fito, Oga zai tambaya tun yaushe na sani. Zai tuna da a ƙa'ida. Zai buɗe kabad ya kalli aljihu huɗu na takardun kore masu hatiminsa. Na ce bari in bari sai mako mai zuwa, in ya huce, in na samu hanyar da zan shigo da maganar cikin ladabi. Na ajiye sabon a wani lungu na kwamfutata, na sa masa suna da Hausa mai kyau, da ƙugiya da komai.

Ranar Alhamis bayan azahar na ba Oga kujerata. Ya gyara tabarau, ya ɗaga darajar aiki, tsohon Sufeto ya nuna kore, hatimi ya hau. Ƙarfe huɗu ya nufi Hanwa. Na jira ƙarar motarsa ta ɓace, na rufe ƙofa don kada mai katifa ya gan ni, na bi bayansa suna-suna ina mayarwa, na gwada, abin ya tashi. Rabin awa ya ɗauke ni, daidai yadda yake ɗaukar ta. Mako mai zuwa ya zo na sake yin haka, wanda ya biyo shi ma haka. Malama ta kira ni sau ɗaya, na ga sunanta a waya na bari ta katse, na tura saƙo cewa ina kan hanya ne zan kira. Daga baya na ji ta samu aji a wata makarantar unguwa, ta koma tsayawa a kan yara.

Wajen wata uku bayan haka, wata Alhamis, Oga ya danna hatimi, ya jefa takardar a kabad, ya tsaya yana kallon kujerar da babu kowa a kai. Na ɗauka kewa ce ta kama shi. Sai ya juyo yana murmushi irin na wanda bincikensa ya tabbata.

"Ka lura kuwa, Injiniya? Tun da matar nan ta tafi ba mu sake samun matsala ba, ko sau ɗaya."

"Haka ne, ranka shi daɗe," na ce.

Ya ɗauki makullin motarsa ya sauka. Na jira ƙarar ta ɓace, na tashi na rufe ƙofa.